Lambu a Bakin Ƙofa: Ganyen da Za Mu Iya Nomawa a Cikin Gidajen Zongo



Kusan kowannenmu yana cin ɗanyen ganye a cikin mako ba tare da ya ƙirga shi cikin abinci ba. Shi ne ɗan latas da kabeji da lawashin da mai waakye ke zubawa a gefen kwano, ko wanda ake haɗawa da soyayyar shinkafa da dare, ko salak ɗin buɗa-baki a watan azumi. Wuta ba ta taɓa shi. In ban da ɗan ruwan da aka ɗauraye shi da shi, yadda ya baro lambu haka yake shiga cikinmu da cikin 'ya'yanmu.

Latas ba ya jure doguwar tafiya cikin zafi. Shi ya sa mafi yawan wanda ake ci a Ankara da Kumasi a cikin garin ake nomansa ko a bakin gari: ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki na Dzorwulu, ta wajen Korle Bu, ko Gyinyase a Kumasi. Da yawa daga masu lambun nan 'yan'uwanmu ne, mutanen arewa da na Burkina da Mali, kuma duk wanda ya taɓa ganinsu suna safa da marwa da bokitan ban ruwa tun asuba ya san gumi suke ci. Ba su suka mayar da rafukan gari kwata ba. Amma ruwan da yawancinsu ke samu shi ne wanda ya riga ya ratsa unguwanni, ya kwaso na wanka da na wanki da na bayan gida. Cibiyar binciken ruwa ta IWMI, mai ofis a Ankara, ta shafe shekaru tana auna ruwan lambunan nan da ganyensu, ta kuma sha samun ƙwayoyin cuta na bahaya da ƙwan tsutsar ciki a jikin ganyen, tun daga lambu har kasuwa. Ta ƙiyasta cewa a Ankara kaɗai mutum kusan 200,000 ne ke cin irin wannan ɗanyen ganye kullum a abincin titi.

Waɗanda suka ga shekarar 2014 ba su manta ba. Kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a Gana, ta kashe sama da 240, kuma Ankara ce ta fi shan wuya. Hanyoyin kwalara da taifot suna da yawa, ba latas kaɗai ba ne, sai dai dukkansu a wuri ɗaya suke haɗuwa: abin da ya taɓa ƙazanta ya shiga baki.

To ga inda gizo ke saƙa. Duk dattijon da ya je asibiti da hawan jini ko ciwon suga, maganar da nas za ta sallame shi da ita ita ce ya rage gishiri da maggi, ya yawaita ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuwa kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2022 ya nuna kusan rabin yaran Gana 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, haka ma mata huɗu cikin goma. Ana ce mana mu ci ganye, alhali wanda ke kusa da mu ana shakkar tsabtarsa, wanda ke zuwa daga nesa kuma farashinsa ba ya hannunmu. Tumatirin rani daga Burkina motoci ke kawo shi. Albasa daga Nijar. Lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar a 2023, iyayenmu mata sun ga abin da ya faru da kuɗin albasa cikin 'yan makonni. Kafin nan, a Disambar 2022, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. A irin wannan yanayi abin da ake fara yankewa daga kuɗin cefane shi ne ganye, domin ba ya riƙe ciki.

Wannan ne ya sa kwamitin lafiya ya ga ya dace mu tattauna wani irin noma da ake ta yayatawa a duniya, mu duba wane ɓangarensa ya dace da gidan haya mai ɗaki goma da famfo ɗaya.

Noman da aka yi wa shinge da yanayi

Manomin gona yana karɓar abin da sama da ƙasa suka ba shi ne: ruwa in ya sauka, rana in ta ƙwalle, ƙwari in sun zo. A wannan sabon salo kuwa mai shuka shi ke zaɓa wa shukarsa ruwan da za ta sha, da abin da saiwarta za ta zauna a ciki, da yawan ranar da za ta doke ta, ya kuma kange ta daga ƙwari. A Gana muna da manyansa: rumfunan leda na Dawhenya da na Akumadan, inda ake noman tumatir da kokwamba da tattasai a rufe, ana ɗiga musu ruwa ta ƙananan bututu. A Amurka da Turai an wuce nan. An mayar da manyan ɗakunan ajiya gonaki, an jera latas hawa-hawa har rufi, babu ƙasa, babu rana, sai fitilu da na'urar sanyaya ɗaki. Hotunansu ne samarinmu ke turo mana a WhatsApp suna cewa ga mafita.

Akwai abin sha'awa a ciki, akwai kuma tarko. Wani bincike da aka yi a jihar Arizona ta Amurka a 2015 ya kwatanta latas ɗin gona da na cikin ruwa a rufaffiyar rumfa. Na gona ya sha kusan lita 250 kafin ya ba da kilo ɗaya, na rumfa kuwa lita 20. Amfanin da na rumfa ya bayar a fili ɗaya ya ninka na gona sau 11. Sai dai makamashin da ya ci, mafi yawa wajen sanyaya rumfar da ɗumama ta, ya ninka na gona sau 82. Wannan lissafi na ƙarshe shi ya karya manyan kamfanoni masu fitilu: AeroFarms ya shiga kotun masu karyewar jari a 2023, Bowery ya rufe a 2024, duk da ɗimbin dalolin da aka zuba musu. In kuɗin wuta ya durƙusar da su, ina ga mai mitar kati wadda ke ƙara da tsakar dare? Mu da muka sha dumsor ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: kada kowa ya sayi fitilar shuka don ya noma ganye a ɗakin zongo. Allah Ya ba mu rana ta kusan awa 12 kullum, rani da damina, kyauta. Abin da za mu ɗauka daga wancan salo shi ne sauran ukun: ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan, ƙasar da muka san asalinta, da raga. Don haka in mun ce "cikin gida", ba uwar ɗaki muke nufi ba. Ɗakunanmu duhu gare su, tagogin ƙanana ne. Muna nufin baranda, da kusurwar tsakar gida, da bayan makaranta, da saman bene ga mai shi, duk inda rana ke sauka awa huɗu zuwa shida.

Buhun shinkafa da ɓawon kwakwa

Iyayenmu da suka ga 1972 sun tuna lokacin Acheampong da shirinsa na kowa ya ciyar da kansa, lokacin da ma'aikacin ofis ma yake da 'yar gonar rogo a bayan gida. Bambancin yau shi ne bayan gidan ya tafi: an yi ɗaki a wurin, an sa haya. Abin da ya rage siminti ne. Amma buhu ba ya neman a tona masa ƙasa. A unguwar Kibera ta Nairobi, wadda ta fi Nima cunkoso, dubban gidaje sun noma ganyen miya a buhuna tsaye a bakin ƙofa.

Yadda ake yi ba wuya. A samu buhun shinkafa ko na masara, a tsayar da gwangwanin da aka cire wa gindi a tsakiya, a cika gwangwanin da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye da shi, a ja shi sama, a maimaita har buhu ya cika. Tsakuwar nan ita ce hanyar ruwa: in aka zuba a sama zai ratsa har ƙasa. A dasa a saman buhun, a kuma tsaga ƙananan ramuka a jikinsa a dasa a ciki. Filin da bai fi na kujerar tsuguno biyu ba sai ya ɗauki shukar da a lambu za ta ci kwali guda. Wanda buhu ya yi masa girma, tsohuwar roba ko bokitin da ya fashe ko galan ɗin Kufuor da aka yanka sun isa, muddin an huda gindinsu. Galan ɗin man girki ba shi da matsala. Na man inji, da na fenti, da na maganin ƙwari, a bar su a bola.

Batun ƙasa ne muke so mu daɗe a kai, domin a nan ake iya kawo cuta gida da hannu. Ƙasar bakin kwata ba ta yi ba. Ƙasar bola, duk da baƙinta da kyan gani, ba a san abin da aka ƙona a kanta ba. Wanda ke zaune kusa da inda aka daɗe ana ƙona wayoyi da fasa tsofaffin batura, kamar yankin Agbogbloshie, ya sani an auna ƙasar wurin an sami dalma mai yawa. Dalma ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, tana taruwa ne a jikin yaro ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Gara a wahala a ɗauko ƙasa daga gona a bayan gari. A haɗa kashi biyu nata da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki da kashi ɗaya na abin da zai sa ta yi sako-sako. Wannan na ƙarshe kyauta yake a garuruwanmu: ɓawon kwakwar da masu sayarwa ke tarawa a bakin titi suna neman wanda zai kwashe. A daddatse shi, a jiƙa shi kwana biyu ana sauya ruwa, ya zama soso mai riƙe laima. Ƙaiƙayin shinkafa da garin gawayi ma suna yi.

Taki kuwa dole ya ruɓe. Kashin kaji da na tumaki da ke gidajenmu taki ne mai ƙarfi, amma ɗanyensa yana ƙona shuka, yana kuma ɗauke da irin ƙwayoyin cutar da muke gudu; masu binciken lambunan Kumasi sun gano ɗanyen kashin kaji na cikin abin da ke gurɓata latas. A tara shi a rufe da ɓawon doya da na rogo da ragowar ganye, ana juyawa, har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi ya daina wari. Kowane kwanon ɓawo da ya shiga nan, ya kuɓuta daga shiga babbar kwata da dare. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san inda sharar da muke zubawa ke komawa.

Me za a shuka? Shawararmu a fara da abin da tukunyarmu ta sani kuma zafi ba ya ba shi tsoro. Alefu, wato alayyahu, sati uku zuwa huɗu ya isa yanka, in an bar gindinsa kuma ya sake tohowa. Ayoyo na tuwon zafi yana ɗan jinkiri, kuma irinsa taurin kai gare shi: a ƙulle shi a ƙyalle a tsoma a ruwan zafi na ɗan daƙiƙu kafin a shuka, sai ya fito tare. Yakuwa da rama suna yi. Lawashin da aka sayo a kasuwa, a yanke ganyen a soka gindin a ƙasa, zai sake fitowa. Na'ana'ar shayi reshe ɗaya ta isa cika roba. Barkono tushe biyu yana daɗewa yana bayarwa. Latas shi ne mai shagwaɓa: in zafin kwano ya doke shi sai ya yi tsawo ya yi ɗaci, don haka yana son inuwar raga da rana tsaka, kuma ya fi kyau a watannin sanyi. Tumatir kada a fara da shi. Cututtukansa da yawa, yana karya wa sabon shiga gwiwa.

Raga tana aiki biyu, tana rage zafi tana tare ƙwari, kuma ita ce ke sa a yi noman nan ba feshi. Abin da ya tsallake ta a cire shi da hannu, ko a daka 'ya'yan dogon yaro a jiƙa su kwana a tace a yayyafa. Maganin feshin gona ba shi da wuri a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Muna kuma roƙo da babbar murya: kada a kwance gidan sauron da aka raba a asibiti a rufe shuka da shi. Akwai magani a jikinsa, kuma wurinsa gadon mai ciki da jariri ne. Ragar taga ta kasuwa ta wadatar. Ita ce ma za ta raba ku da kajin maƙwabta, ko da yake ragon layya sai an haɗa da katako.

Ruwa, da sauron da ke biyo shi

A gidan da famfo ke zuwa kwana biyu a mako, tambayar farko ita ce ta ruwa, kuma tambaya ce mai kyau. Buhu ko roba ba sa shan ruwa kamar kwali a lambu, domin abin da aka zuba yana tsayawa a gindin shuka, ba ya malala. In an rufe saman ƙasar da ɓawon kwakwa ko busasshiyar ciyawa, ya ƙara raguwa. Kuma muna zubar da ruwa mai kyau kullum: na wankin shinkafa, na ɗaurayar ganye, da na alwala sau biyar a rana a kowane gida da kowane masallaci. A tara shi a roba a zuba a gindin shuka a ranar, kada ya kwana. Amma tun da na alwala ya taɓa baki da hanci da ƙafa, a ba wa ganyen da za a dafa, a kuma zuba a ƙasa ba a kan ganye ba. Latas da na'ana'a da duk abin da za a ci ɗanye, a ba su ruwan famfo ko na sama. Ruwan omo da na bilic ba na shuka ba ne.

Akwai kuma noman cikin ruwa zalla wanda ba ya son lantarki. Wani malamin jami'ar Hawaii mai suna Kratky ne ya yaɗa shi. Ana cika galan da ruwan da aka narka wa taki na musamman, a huda murfi, a zaunar da ɗan dashen latas a ƙaramin kofi mai ramuka yadda saiwarsa za ta taɓa ruwan. Shuka na sha, ruwa na sauka, sararin da ya buɗe tsakanin murfi da ruwa shi ke ba saiwa iska. Ba a ƙara cikawa har baki, in an cika shukar za ta nutse. Lita huɗu kan ishi kan latas ɗaya har yanka, wajen wata guda bayan dashe. Abin burgewa ne, kuma ya dace da samari masu son gwaji. Sai dai takinsa daga waje ake kawo shi, kuɗinsa na bin dala, kuma takin buhu na 15-15-15 da muka sani ba ya maye gurbinsa domin bai ƙunshi duk abin da shuka ke nema ba. A ganinmu buhu da takin gida sun fi ɗorewa ga mai ƙaramin ƙarfi.

Ko wanne aka zaɓa, ga sharaɗin da kwamitin lafiya ba zai sassauta a kai ba: kada lambun ya zama gidan sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne. A 2023 hukumar lafiya ta Gana ta tabbatar da ɓullar wani baƙon sauron maleriya daga Asiya a Tuba da Dansoman, wanda ya bambanta da namu domin yana hayayyafa a tankuna da robobin gida. A Yulin 2024 kuma zazzaɓin dengi ya ɓulla a Yankin Gabas, shi ma sauronsa ɗan cikin roba ne. Saboda haka galan ɗin noman ruwa ya zama a toshe ruf, babu ƙofar da sauro zai bi, a naɗe shi da buhu don kada rana ta haifar da gansakuka. Duron tara ruwan sama a rufe. Farantin da ake sawa a ƙarƙashin roba a zubar da ruwansa, a wanke duk mako. Wanda ba zai iya kiyaye wannan ba, gara ya bar noman. Kwanon ayoyo bai kai kwanan yaro a asibiti ba.

Amfanin da ya fi son duhu

Abu ɗaya ne ke girma a cikin ɗaki da gaske ba tare da fitila ba, shi ne naman kaza. Mun san wasu iyayenmu suna ƙyamarsa, sun saba ganin na daji a kan ruɓaɓɓen icce, kuma gaskiyarsu, a cikin na daji akwai mai kisa. Wanda ake nomawa iri ne sananne mai fadi kamar kunne. Cibiyar binciken abinci ta CSIR a Ankara ta daɗe tana samar da irinsa tana horar da mutane, kuma abincinsa garin katako ne, musamman na icen wawa, wanda ke jibge a wuraren masu katako irin su Sokoban a Kumasi. Sabon shiga ba sai ya haɗa da kansa ba. Ana sayar da ledojin da irin ya riga ya cinye ya yi fari. A jera su a kanta a wuri mai inuwa da iska, a buɗe bakinsu, a riƙa fesa ruwa mai tsabta sau biyu ko uku a rana. Cikin 'yan kwanaki ya fara fitowa, ya yi ta bayarwa lokaci-lokaci har wata biyu ko uku. In leda ta gaji, abin cikinta ya koma takin buhu.

Yana shiga miya ya ɗauki yaji kamar nama, ba shi da kitse ba shi da gishiri, abin da mai hawan jini ke nema. Amma kada sunan ya ruɗe mu: ba ya maye gurbin wake ko kifi ko ƙwai wajen gina jikin yaro. Ba ya kwana biyu a zafi sai an shanya shi. Kuma yana fitar da wata ƙura mai laushi da ke tayar wa masu asma, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana. Tsohon kicin ko sito mai taga ya fi.

Wasu kuma suna tsirar da wake ko hulba a kwalba, kwana uku zuwa biyar. Yana yi, amma laima da ɗumin da ke tsirar da shi su ke raya ƙwayoyin cuta. A Jamus a 2011 ɗanyen tsiron hulba ya kashe mutum kusan 50. A dafa shi. Irin shuka mai launin ja ko kore na shagon manoma an shafe shi da guba, ba na tsirarwa don ci ba ne.

Iyakar abin

Buhu uku ba za su ciyar da gida ba. Masara da shinkafa da doya da albasa za su ci gaba da zuwa daga gona, kuma 'yan'uwanmu masu lambu za su ci gaba da ciyar da gari. Abin da lambun bakin ƙofa ke bayarwa ƙarami ne: ganyen miya sau biyu ko uku a mako, wanda aka san ruwan da ya sha, aka tsinka daidai buƙata. Ba kuɗin trotro, ba baƙar leda, ba ragowar da za ta yi yaushi a gidan da babu firji. Ganye kuma yana rasa wasu bitamin ɗinsa kowace rana bayan yanka, wanda ya taka daga buhu zuwa tukunya bai rasa komai ba tukuna. Ga dattijon da likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ban ruwa safe da yamma motsi ne. A ɗora masa robobin a kan benci don kada ya yi ta sunkuyo.

Kada kuma a ɗauke shi magani. Ganye yana taimaka wa jini, musamman in an haɗa da kifi ko nama da ɗan tumatir ko lemun tsami, aka kuma jinkirta shayi bayan cin abinci. Amma mai ciki ta ci gaba da shan ƙwayoyin da aka ba ta a awo, mai hawan jini kada ya ajiye nasa. Mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, su tambayi likita kafin su ƙara yawan ganye, domin a wurinsu yawan na iya zama illa.

Tun da za mu ci gaba da sayen na kasuwa, a cire ganyen waje na latas da kabeji, a wanke ɗaya-ɗaya da ruwa mai gudu, a jiƙa minti goma a ruwan binega, kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyar. Ɗan gishirin da aka saba barbaɗawa a roba ba ya kashe komai sosai, kuma ruwan roba ɗaya da aka wanke na safe da na rana a ciki ƙara datti yake. Wannan saƙo na musamman ne ga iyayenmu mata masu sayar da abinci.

Abin da ya fi ƙasa da iri wuya a gidan haya shi ne zaman tare. Tsakar gida ta kowa ce: nan ake girki, nan ake shanya, nan ake taron suna. A nemi izinin mai gida tun farko. Kada a jingina buhu da bango, laima za ta ci ɗakin wani. Mai son ɗorawa a saman bene ya tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma ta fi haka nauyi. Ya tambayi magini, kuma kwano ba wurin ɗora komai ba ne. Inda mitar ruwa ɗaya ce, a yi maganar kuɗi kafin a shuka, ba ranar da takarda ta zo ba. A kuma faɗi tun farko wa zai yi ban ruwa, don kada aikin ya faɗa kan yarinyar da ke ɗebo ruwa kafin ta tafi makaranta. Gidan da aka yi yarjejeniya kowane ɗaki yana tsinka, zai yi wuya a wayi gari a ga an tumɓuke.

Muna kira ga sarakunanmu da limamai da masu makarantu: akwai kusurwoyi a harabar masallatai da makarantun Islamiyya da rana ke samu, ga ruwan alwala yana bin kwata a banza. A ba samari da ƙungiyoyin mata aron wurin su gwada buhu biyar ko goma, jama'a su gani da idonsu bayan sallar Juma'a. Mai wurin da zai bayar, da mai tsofaffin buhuna da galan, da duk wanda ya taɓa aikin lambu a gida kafin ya zo kudu kuma yake son koya wa yara, ya sami 'yan kwamitin lafiya a taron wata mai zuwa. Ya zo da irin alefu ko ayoyo in yana da shi.